Kaset ɗin Sakina da Injin da Malam Hamisu Ya Auna da Hannu

Akwai wani dattijo a Boɗinga, sunansa Malam Hamisu, tsohon hedimasta. Ku gyara zama, jama'a. Labarin yau na masu ƙarfin murya ne, in ka ji ya taɓa ka kada ka ga laifina.

Shekara talatin da biyu ya yi yana koyarwa, bai taɓa neman ƙararrawa ba. In ya tsaya bakin ofis ya ce "Kai!", yaran da ke can ƙarshen fili sai su daskare. Har ya yi ritaya mutanen unguwa Lasifika suke ce masa, a bayan idonsa dai, don ba mai ƙarfin halin faɗa masa a gaba.

Matarsa Sakina kuwa, in tana magana sai ka matso. Shekara arba'in suna tare, shi yana tsawa, ita tana "to, Malam".

'Yarsu ɗaya ce ta rayu, Nafisa. Ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a Shagari, can kuma take aiki. Ita ce 'yar fari, kun kuwa san kunyar iyayenmu mata: Sakina ba ta taɓa kama sunanta ba. Sai dai ta ce "yarinyar nan", ko "ɗiyarka". Ko ranar da aka kai Nafisa ɗakin miji ba a ji sunan a bakinta ba.

Shekara uku da suka wuce ciwo ya kwantar da Sakina. Kafin a kai ta Sakkwato abu ya riga ya yi nisa. Likita ya ce ciwon ya fi shekara yana cinta. A nan Malam ya gano Nafisa ta sani tun tuni, ita ce ma ke kawo mata magani a ɓoye. Ba a daɗe ba Sakina ta rasu.

Ranar sadakar uku, gaban 'yan zaman makoki, ya buɗe wa yarinyar nan muryarsa gaba ɗaya.

"Ke da kinka yi karatun asibiti, kina kallon uwarki tana ƙarewa kinka yi shiru! Tashi ki ba ni wuri. Kar in koma ganin ƙafarki gidan ga."

Nafisa ta miƙe. Ta ɗauki mayafinta ta fita.

An ba shi baki har an gaji. Liman ya zo, tsofaffin abokan aikinsa sun zo, kowa da tsawar da ya kwasa. Duk wata Nafisa takan ba direba garin kunu da ƙuli-ƙuli ya kawo, Malam ya ce a mayar mata da kayanta. A hankali mutane suka ɗauke ƙafa. Wa zai yi ta kai kansa inda za a yi masa ihu?

Gida ya yi masa faɗi. Turmin Sakina yana kife a gindin dogonyaro, kujerarta 'yar tsugunno tana bakin murhu inda ta bar ta. Kajinta sun watse gidajen maƙwabta. Tuwo yakan saya a bakin titi, ya zo ya ci shi kaɗai, ya wanke kwano da kansa. Rago ɗaya yake kiwo, kuma wallahi akwai ranakun da ragon nan ne kaɗai ke jin muryarsa tsakanin asuba da magariba.

Kaɗaici ya ci shi, ya rame. Amma in ka tambaye shi, sai ya ce lafiyarsa lau.

Wata Alhamis da hantsi, tsakiyar bazara, ya yi ta maza ya buɗe akwatin Sakina, da niyyar ya fitar da tufafinta sadaka. Can ƙasa ya ji wani abu mai tauri a naɗe cikin ɗankwali. Ya warware, sai ga kaset.

Ya gane shi nan take. Shekarun baya an taɓa tura shi kwas Zariya na shekara guda. Sakina ba ta yi boko ba, ba kuma wayar hannu a lokacin, don haka sai ta zauna gaban rakoda ta yi maganarta, ta ba direba ya kai masa. Wannan shi ne na ƙarshe da ta aika, ya dawo da shi cikin kayansa.

Tsohuwar rakodar tana nan saman kabad. Ya kaɗe ta, ya sa batir, ya danna.

Sai ga Sakina, da ƙuruciyarta, tana ba shi labarin akuya ta haihu biyu, gero ya yi tsada, yarinyar nan ta yi giɓi tana jin kunyar dariya. Malam ya zauna a ƙasa ya saurara har gefen ya ƙare.

Ya san gefe na biyu ba komai a kansa. Haka kawai ya juya.

Akwai magana.

Murya ce can ƙasa, irin ta mai jinya, shuuu ɗin kaset ya kusa haɗiye ta. Ashe cikin ciwonta na ajali ta jawo rakodar nan, wata rana da ya fita, ta yi magana. Ya manna kunne jikin rakoda. Kunnen ma shekaru sun fara taɓa shi. Cikin maganar duka kalma ɗaya tak ya kama.

"Nafisa."

Matar da ta yi shekara talatin da wani abu ba ta kama sunan nan ba, me ya kai ta kama shi gaban rakoda? Ƙarar yarinyar take kawowa? Ko wani abu ne daban? Ya mayar baya ya sake. Ya sake. Kwana huɗu yana wannan aiki, kuma ya lura duk sakewa muryar ƙara dusashewa take. Rana ta biyar rakodar ta ɗan ja zaren kaset ta saki. Ya gane in bai yi da gaske ba, maganar Sakina ta ƙarshe za ta mutu a hannunsa bai ji ta ba.

Shi a ganinsa maganin ƙaramar murya ɗaya ne: a ƙara mata ƙarfi. Amfilifaya yake buƙata, wato injin ƙara sauti. Ya yi tambaya a masallaci, aka ce duk yankin nan ba wanda ya san kan irin kayan kamar wani Zayyanu mai gyaran rediyo a Shagari.

Shagari kuma! Ya yi tsaki. Amma ya shiga mota, da ya sauka ya zaga ta bayan kasuwa don kada ya bi ta gaban asibitin da 'yarsa ke aiki.

Zayyanu mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, siriri, ba ya gaggawar magana. Ya ba Malam kujera, ya gaishe shi da ladabi.

"Amfilifaya nike so," in ji Malam. "Mai ƙarfi."

"To, Allah shi gafarta Malam. Ɗaki za a saurara ko fili?"

"Ina ruwanka? Ɗakina na. Wani tsohon kaset gare ni, muryar ta yi ƙasa."

Zayyanu ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani ɗan akwatin ƙarfe, bai fi sandar sabulun wanki biyu ba. Ya ajiye gaban Malam.

Malam ya ɗauka. Kun san yadda mutanenmu ke sayen rago, a sa hannu a ɗaga a ji nauyi? Haka ya yi wa abin nan. Ya jinjina shi a tafin hannu, ya dubi Zayyanu sama da ƙasa.

"Kai, ni za ka yi ma wasan yara? Wanga ai gwangwani na. Ba komi ciki!"

"Akwai, Malam. Kilas D muke ce ma irinta. Tsofaffin injinan da kas sani, masu nauyi, kamar murhu suke da anka bar wuta na ci ko ba a ɗora tukunya ba. Rabin wutar zafi take zama. Wagga kuwa kunnawa take tana kashewa, sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, iya abin da sauti ke so shi take ja. Shi ya sa ba ta zafi, ba ta son fanka, kuma batirin solar gidanka ya ishe ta."

"Ƙarfinta wat nawa?"

"Hamsin kowane gefe. Ya ishi ɗaki har ya yi saura. Lambar da kake gani jikin kwali kuwa, Malam, mai fenti ya rubuta ta. Kuma ko cikin ƙananan ga akwai na banza, masu tsuwa kamar gyare. Bari in gwada maka yadda ake ganewa."

Ya jona ta da wasu ƙananan lasifikoki biyu, ya kunna, bai sa komai ba. Ya ce Malam ya kawo kunnensa.

Malam ya kara kunne. "Ban ji komi ba."

"Awo. Shi na gwajin farko. Inji mai kyau, in ba a ba shi magana ba, shiru shike yi. Wanda ke ƙugi shi kaɗai, in ka ba shi ƙaramar murya haɗiye ta zai yi. Gwaji na biyu, a sa muryar mutum a rage ƙara, a ji ko kalmomi na fita ɗaya-ɗaya. Sannan a samo mata abin jona wuta mai kyau, da lasifika daidai ƙarfinta. Amma shawarata, kafin duk wannan, ka kawo kaset ɗin in kwashe shi zuwa memori. Tsohon zare ba shi son yawan juyi."

Jama'a, a nan Lasifika ya tashi.

"Mi kac ce? Muryar iyalina zan ɗauko in kawo ma ƙato shi zauna shina saurare? Ba ka da kunya! Na zo sayen abin da ke magana, kana tallata min shiru!"

Har masu shago na kusa suka leƙo. Zayyanu bai ce komai ba sai "Allah shi huci zuciyar Malam". Ya raka shi bakin ƙofa, ya ce a sauka lafiya.

Ranar kasuwa Malam ya ja ragonsa ya sayar, abokin hirar tasa ke nan guda ɗaya. Washegari ya shiga Sakkwato, layin masu kayan sauti. Ya bi injina yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan wanda ya gagare shi ɗauka da hannu ɗaya. Baƙi, ƙato, an rubuta wat dubu biyar a jikin kwalinsa da jan fenti.

"Yawwa! Ga inji."

Mai shagon, wani Bala, ya ce, "Masallaci za a kai, Baba, ko taron siyasa?"

"Ɗakina."

Bala ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar Malam, ya ce, "To." Ya haɗa masa da lasifikoki biyu masu tsayin yaro ɗan shekara bakwai, aka ɗaure a bayan mota.

Bayan la'asar aka gama jonawa. Matsala ta farko, batirin solar Malam ya ce bai san zance ba, ko minti biyu bai ɗauka ba ya mutu. Wutar gari kuwa babu ranar. Dole ya je ya aro janareta wurin maƙwabci, ya ajiye a tsakar gida.

To ku lissafa da ni. Janareta yana ruri a waje. Fankar injin tana kuka a ciki. Lasifikoki suna wani ƙugi, buuu, tun ba a sa komai ba. Ga zafin bazara, ga injin ya ɗau zafi har ba ka iya ɗora masa hannu. A cikin wannan hayaniya ake neman muryar mara lafiya.

Ya sa gefe na biyu. Shuuu ɗin kaset ya cika ɗaki kamar ana ruwa kan kwano, muryar Sakina tana can ƙarƙashi. Ya ƙara. Shuuu ya ƙaru. Ya murɗa har ƙarshe, gilashin taga yana rawa, amma ko "Nafisa" ɗin da yake ji a da yanzu ta ɓace.

Ransa ya ɓaci. Ya ce bari ya juya ɗaya gefen ya gani, ko injin ne ba shi da lafiya. Ya juya kaset, ya danna. Bai rage ƙara ba.

Innalillahi! Muryar Sakina ta ƙuruciya ta fashe a unguwa, har bakin titi. Kuma daidai ƙarshen saƙon ne, wurin da mace ke rage murya ta faɗa wa mijinta abin da ba na kowa ba.

"Malam, gidan ga ba daɗi in ba ka nan. Ko faɗan naka ma na yi kewarsa. Ka dawo haka nan..."

Mata a gidajen maƙwabta suka ɗau salati. Wata ta saki tulu. Matar da aka binne shekara uku, ga muryarta tana yawo bisa katanga!

Malam ya rikice. Maimakon ya kashe injin, sai ya kai wa rakoda cafka, ya danna wannan ya danna wancan, ya fizgi murfi. Ya ji ƙiris. Da ya zaro kaset, zaren ya biyo shi a cukurkuɗe, wani ya naɗe a cikin rakoda, ya tsinke gida biyu.

Ya fita ya kashe janareta. Unguwa ta yi tsit.

Ya dawo ya zauna a ƙasa da zaren a tafin hannunsa. Abin da ya ƙi wa mutum ɗaya, ga shi ya raba wa unguwa guda da hannunsa. Abin da yake nema kuma ya tsinka. Tsohon nan ya yi kuka, kuka sosai, irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza.

Kuma ba wanda ya shigo. Kowa ya ji, kowa ya san ba lafiya ba, amma shekara uku yana korar mutane, sun koyi zama gidajensu. Har aka kira magariba yana nan zaune shi kaɗai.

Da safe ya naɗe kaset da guntayen zaren cikin ɗankwalin Sakina, ya sa a aljihu, ya shiga motar Shagari.

Zayyanu na ganinsa ya miƙe ya ba shi kujera, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Malam bai zauna ba. Ya warware ɗankwalin a kan tebur, ya yi tsaye yana kallon ƙasa.

Da ni ne Zayyanu, wallahi sai na ce "ai na faɗa maka". Shi bai faɗa ba. Ya sa tabarau, ya daɗe yana duba zaren.

"Za a iya ɗinke shi, in Allah ya so. Amma wurin ga da ya tauna, kamar taƙi biyu, ya tafi. Sai dai in yanke in haɗa bakin."

"Magana nawa ke nan?"

"Ba ta fi numfashi biyu ba."

Malam ya ce, "Kuma... dole sai ka saurara?"

"A'a, Malam. Duba nan."

Ya zare wayoyin lasifika duka ya ajiye su gaban Malam. Ya nuna masa fuskar kwamfuta. "In zare na tafiya, wasu layuka za su riƙa tashi suna sauka nan. Su zan kalla. Idona zai yi aikin, kunnena ba ruwansa. Tun ranar farko haka na yi niyya, ba ka dai bari na kai ƙarshen magana ba."

Malam ya ji wannan ta shige shi.

Aiki ya ɗauki har azahar. Zayyanu ya buɗe kaset, ya miƙar da zaren a hankali da bayan cokali, ya yanke, ya manne. Ya goge kan tasa rakodar da auduga, ya daidaita shi da ɗan sukudireba yana kallon layukan nan. Sau ɗaya tak ya juya zaren, ya kwashe komai. Sannan ya rage shuuu ɗin iya abin da zai ragu. Duk wannan a shiru aka yi shi, ba abin da kake ji a shagon sai motsin hannunsa.

Da suka dawo daga masallaci, ya ɗauko ɗan gwangwanin nan da Malam ya raina. Ya jona shi da batir da ƙananan lasifikoki biyu, ya ajiye su daidai kunnen mai zama, ya sa memori. Ya murɗa ƙara kwata kawai.

"Ga inda za ka danna, Malam. Kar ka ƙara mata, haka ya isa. Ni ina waje."

Ya fita ya jawo ƙofa. Ya ɗauki benci ya koma can gindin bishiya, duk wanda ya zo da rediyo ya ce masa sai an jima.

Malam ya danna.

Da farko shiru. Sai numfashi. Sai ga ta, kamar tana zaune kan kujerarta a gefensa.

"Malam, ni ta. Ban iya faɗa maka wagga magana ido da ido, don kafin in kai ƙarshe ka riga ka ɗauka da ƙarfi. Ciwon ga ya daɗe. Nafisa... ka ji na kama sunanta. Allah shi yafe min rashin kunya, so nike ka san da gaske nike. Nafisa ta yi kuka, ta durƙusa, ta roƙe ni in bari ta gaya maka, a kai ni Sakkwato tun da wuri. Ni na hana ta. Na ce in ta faɗa ban yafe mata nonona ba. Tsoron wuƙar likita nike, da tsoron faɗanka. Na san halinta, ko ka yanka ta ba ta tona ni. Kar ka ga laifinta. In na tafi, ita kaɗai gare ka."

Ta yi tari. Ta huta.

"Shekara arba'in ban taɓa roƙonka komi ba. Yau abu guda nike roƙo. Don Allah, Malam, ka..."

Ƙiris.

"...shi ke nan. A yafe ni."

Ya mayar baya. Yanzu ba tsoron zare, memori ne, ko sau dubu ya ga dama. Ya sake saurara. "Don Allah, Malam, ka..." ƙiris. Daidai nan ne wurin da ya fizga jiya. Roƙo ɗaya da matar nan ta yi masa a duniya, shi ne taƙi biyun da ke cikin ɗankwali a tattaune.

Ya daɗe a ciki. Da ya buɗe ƙofa, Zayyanu ya taso, ya ga idanunsa, ya kau da kai.

"Ba yadda za a yi da guntun?" in ji Malam.

"Babu, Malam. Da akwai da na yi."

Malam ya gyaɗa kai. Ya ce a ɗaure masa ɗan injin da lasifikokin, zai dawo ya ɗauka. Ya riƙe hannun Zayyanu da hannu biyu. Sannan ya juya, wannan karon bai zaga ta bayan kasuwa ba.

Ya tarar da mata a jere kan benci a barandar asibiti, masu goyo da masu ciki. Bai yi sallama da tsawa ba, bai ce a kira masa kowa ba. Ya samu ƙarshen benci ya zauna, tsohon hedimasta guda, yana jiran layi.

Nafisa ta fito da farin kaya, da kati a hannu za ta kira suna. Ta gan shi. Katin ya faɗi.

Ta ƙaraso da sauri ta durƙusa. "Baba! Lafiya? Ba ka da lafiya?"

Ya dube ta. Ta yi kama da uwarta fiye da yadda ya bar ta. Leɓensa ya motsa, ya yi magana.

Nafisa ta matso da kunnenta. "Baba, mi kac ce? Ban ji ba."

Jama'a, shekara saba'in da ɗaya Malam Hamisu ya yi a duniya, ranar ce ta farko da wani ya ce masa bai ji ba.

Ya sake faɗa, a hankali. "Na ji saƙon uwarki. Ki yafe min, ɗiyata."

Ta kifa kai a gwiwarsa, matan kan benci suka yi ta share hawaye ba su san ma me ake ciki ba.

Ya tambaye ta daga baya, ko ta san abin da uwarta ta roƙa. Ta ce wallahi ba ta ma san da kaset ɗin ba.

Ƙaton injin ya ba da shi masallacin unguwa, inda aka yi shi dominsa, kuma yana aiki lafiya lau. Ɗan ƙaramin yana kan teburinsa. Nafisa takan zo duk Juma'a da 'ya'yanta, ta tayar da turmin nan da ke kife. Sauran kwana shida kuwa shi kaɗai ne a gidan, kamar da.

Bayan la'asar yakan kunna, ƙara kwata, ya zauna. In an zo wurin da zaren ya tsinke, sai ya tsayar, ya yi ta tunani. Ka rage faɗa? Ka riƙe ta? Ka kula da kanka? Kowace ya zata, sai ya tashi ya yi ta, ko Allah zai sa ya dace. Maƙwabta sun ce yanzu in yana magana sai ka matso.

Har yau bai san abin da Sakina ta roƙa ba.

Darasi: Ba nauyi ko ƙara ke nuna abu mai kyau ba. In za ka sayi injin sauti na ɗaki, kada ka auna shi da hannu ko da lambar jikin kwali, kara kunnenka ka ji shirunsa. Haka mutum yake: wanda bai iya yin shiru ba, ba zai ji maganar masu ƙaramar murya ba, kuma sau da yawa su ne masu ƙaunarsa. Ka bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa tun yana raye, kada ka raina shawarar mai sana'a don ya faɗe ta a hankali. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san muryarsa ta fi kunnensa aiki.